Darasi na 14: Dunƙule Fayilolin Tashin Kwamfuta Wuri Ɗaya da Sa Musu Hannu

Tsakanin danna maɓallin kunna kwamfuta da fitowar wurin rubuta kalmar sirri, daƙiƙoƙi ne 'yan kaɗan. A cikinsu manhajoji uku ko huɗu ke karɓar ragamar na'urar bi da bi, kowace ta gama nata ta miƙa wa ta gaba. A wannan lokaci manhajar kama bairos ba ta farka ba, haka ma duk wani tsaro da kuka saka. Wanda ya iya cusa kayansa cikin wannan jeri ya riga kowa zama, kuma duk abin da zai tashi bayansa, a ƙarƙashinsa zai tashi. Masu rubuta bairos sun daɗe da gane haka. Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, a sashen tashi na faifan fulofi yake ɓuya.

A darasin baya mun kulle faifan kwamfuta mai Linux da LUKS, muka ce ko an sace ta ba za a karanta abin da ke ciki ba. Haka ne, amma da sauran rina a kaba. Akwai wani yanki na faifan da ba ya kulluwa, domin da shi ake buɗe sauran. A kansa za mu tsaya yau.

Wa ke miƙa wa wa

Abin da ke fara motsi shi ne manhajar tushe, wadda kamfani ya dasa a wani ɗan guntu a jikin allon injin. Masu gyara har gobe BIOS suke ce mata, sunan da ya biyo ta tun zamanin kwamfutar IBM ta 1981, amma a kusan duk na'urar da aka ƙera daga 2012 zuwa yau, UEFI ce a ciki. Tsohuwar BIOS ba ta san wani abu wai shi fayil ba. Bayit 512 na farkon faifai take ɗauka ta gudanar, ko mene ne a wurin. Ita kuwa UEFI ta iya karatu. Tana neman wani ƙaramin sashe na faifai mai suna ESP, wanda aka tsara da FAT irin na filash, ta ɗauko fayil mai ƙarewa da .efi, ta miƙa masa ragama.

A yawancin kwamfutocin Linux, wannan fayil shi ne hanyar zuwa ga butloda, galibi GRUB, wanda ke nuna muku jerin zaɓi kafin tashi. Shi kuma abubuwa uku yake ɗorawa a ƙwaƙwalwar na'ura. Na farko kanel, wato zuciyar babbar manhaja, mai iko da ƙwaƙwalwa da faifai da duk wani abu da aka jona. Na biyu initrd, wani ƙaramin tsari na wucin gadi mai ɗauke da direbobin da ake buƙata kafin a kai ga ainihin faifan. Na uku layin umarni, 'yan kalmomi da ke gaya wa kanel inda zai sami tushen fayiloli da yadda zai tashi.

Ku riƙe wannan da kyau, don darasin kansa ya rataya: idan faifanku a kulle yake, rubutun nan da ke fitowa yana neman kalmar sirri, daga cikin initrd yake fitowa. Shi ke karɓar abin da kuka rubuta, shi ke buɗe faifan.

Abin da tsaron tashi ke dubawa

A 2011 ƙa'idar UEFI ta zo da wani tsari da za ku gani a allon saitin na'ura da sunan Secure Boot, mu kuma a nan za mu riƙa ce masa tsaron tashi. Da fitowar Windows 8 a 2012, Microsoft ta sharɗanta wa kamfanonin da ke son tambarinta su sayar da na'urori da tsaron a kunne. Manufarsa ɗaya ce: manhajar tushe ba za ta miƙa ragama ga wani fayil ba sai ta ga sa hannun wanda ta yarda da shi.

Sa hannun nan lissafi ne. Ana bi ta kan abin da ke cikin fayil da wata dabara mai suna SHA-256, a fitar da lambar shaida mai alamomi 64. Sauya harafi ɗaya a fayil ɗin, lambar ta birkice gaba ɗaya. Mai fayil yana da makullai biyu da aka ƙirƙira tare, na sirri da na fili. Da na sirrin yake sarrafa lambar shaidar, abin da ya fito shi ne sa hannu, a liƙa shi a ƙarshen fayil. Duk mai riƙe da na fili zai iya tabbatar da abu biyu: mai makullin sirrin ne ya sa hannu, kuma ba a taɓa fayil ɗin ba tun daga nan. Daga na filin ba a iya gano na sirrin.

Manhajar tushe tana ajiye rumbuna huɗu. PK shi ne makullin mai gida, guda ɗaya tak, kuma a sabuwar na'ura na kamfanin da ya ƙera ta ne. KEK su ne waɗanda mai gida ya ba izinin gyara jerin sunaye. Sai db, jerin waɗanda aka yarda da sa hannunsu, da dbx, jerin waɗanda aka soke. Idan abu ya fito a db kuma ya fito a dbx, sokewa ce ke rinjaye.

A db na yawancin na'urori takardun shaidar Microsoft ne: ɗaya ta Windows, ɗaya ta sauran jama'a. Ta wannan ta biyun Linux ke shiga. A 2012 Matthew Garrett ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna shim. Microsoft ce ke sa mata hannu, ita kuma tana ɗauke da makullin fili na masu rarraba Linux ɗin, kamar Fedora ko Debian ko Ubuntu, da shi ake tantance GRUB da kanel. Shi ya sa kuke iya girka Ubuntu ba tare da kashe tsaron tashi ba.

Inda gizo ke saƙa

Ku sake ƙirga abubuwa ukun nan. Kanel yana da sa hannu, domin a can wurin masu rarrabawa aka gina shi, iri ɗaya ga kowa. Initrd kuwa a kan na'urarku ake haɗa shi, daidai da irin faifanku da direbobinku: dracut ke yi a Fedora, mkinitcpio a Arch, initramfs-tools a Debian. Masu rarrabawa ba su taɓa ganin naku ba, balle su sa masa hannu. Layin umarni ma rubutu ne kawai a cikin fayil ɗin saitin GRUB. Kamar shingen bincike ne a hanya, inda jami'i zai duba lasisin direba da takardun mota tsaf, ya ɗaga hannu a wuce, ba wanda ya ɗaga tamfol ya ga kayan da ke baya.

Ga yadda ake cin wannan gibi, daki-daki. Mutum ya bar laftof ɗinsa a ofis ya tafi masallaci, ko ya bar shi wurin mai gyara a sauya masa allo. Wani ya tashe shi daga filash, ko ya kwance faifan ya jona a wata na'ura. Sashen da ke kulle ba zai buɗu masa ba, ba kuma shi yake nema ba. Sai ya kwafi initrd, ya warware shi, don ba wani abu ba ne illa fayiloli da aka matse wuri ɗaya. Ya nemo wurin da ake tambayar kalmar sirri, ya ƙara 'yan layuka da za su rubuta abin da aka shigar a wani lungu na ESP, ya sake matsewa, ya mayar. Mai laftof ya dawo ya kunna. Tsaron tashi ya duba shim, ya duba GRUB, ya duba kanel, duk lafiya lau. Allo ya nemi kalmar sirri kamar kullum, ya rubuta, faifai ya buɗe, ya ci gaba da aikinsa. Gobe ko jibi wancan ya dawo ya ɗauki abin da aka ajiye masa. Wata mai bincike 'yar ƙasar Poland, Joanna Rutkowska, ta nuna irin wannan hari a 2009 a kan manhajar kulle faifai ta TrueCrypt, da misalin laftof da aka bari a ɗakin otal.

Layin umarni ya fi wannan sauƙin ci. A na'urar da faifanta ba a kulle yake ba, ko wadda ke buɗe kanta da kanta, danna e a jerin GRUB da ƙara init=/bin/sh ya isa ya ba mutum cikakken iko ba tare da an tambaye shi komai ba. Shi kansa fayil ɗin saitin GRUB, wato grub.cfg, ya taɓa jawo babbar matsala. A Yulin 2020 kamfanin tsaro na Eclypsium ya bayyana wata ɓaraka da aka raɗa wa suna BootHole: idan aka cusa wa grub.cfg rubutu mai tsawon da ya wuce ƙima ta wata siga, GRUB kan rikice ya gudanar da abin da maharin ya so, alhali sa hannunsa na nan daram. Sai da aka soke tarin tsofaffin fayilolin tashi ta hanyar dbx.

Dunƙulallen fayil

Maganin da ake ta komawa gare shi yanzu ba shi da wuyar fahimta. Tunda manhajar tushe fayil ɗaya ta iya tantancewa, to a zuba komai a fayil ɗaya. Ana kiransa UKI a taƙaice, mu ce masa dunƙulallen fayil ɗin tashi. Lennart Poettering, jagoran aikin systemd, ya yi dogon bayani a kansa a ƙarshen 2022, sannan a 2023 systemd 253 ta zo da kayan aikin haɗa shi mai suna ukify. Kafin nan da objcopy ake yi, mutum ya zauna yana lissafa wurin da kowane sashe zai zauna da hannu.

Fayilolin .efi suna bin tsarin PE, irin na fayilolin .exe na Windows, kuma tsarin ya yarda a raba fayil sashe-sashe, kowane da sunansa. A gaba akwai wata 'yar manhaja, systemd-stub, ita ce manhajar tushe ke gudanarwa. Bayanta sai .linux mai ɗauke da kanel, .initrd, .cmdline mai layin umarni, da .osrel mai sunan babbar manhaja da lambarta, wanda ake nunawa a jerin zaɓi. Ana iya ƙara hoton da zai fito lokacin tashi da wasu ƙananan sassa. Sa hannu ɗaya ya rufe su duka. Wanda ya taɓa layi ɗaya a initrd ya ɓata lambar shaidar fayil ɗin baki ɗaya, na'ura ta ƙi tashi da shi.

Akwai wata ƙa'ida a systemd-stub da ya kamata ku sani tun yanzu, don kada ta ba ku mamaki. Idan tsaron tashi na kunne kuma akwai .cmdline a ciki, duk wani layin umarni da aka turo daga waje watsi take yi da shi. Ƙofar init=/bin/sh ta rufu ke nan, ga ɓarawo da ku kanku. Ranar da kuke buƙatar ƙara wata kalma don gyaran matsala, sai dai ku sake gina fayil.

Waɗanda suka taɓa zama wurin masu filashin ɗin waya, a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwa, wannan ba baƙon abu ba ne a gare su. Wayoyin Android sun daɗe suna haɗa kanel da ƙaramin tsarin farko a fayil ɗaya mai suna boot.img, kuma wayar ba ta yarda da wanda aka taɓa sai an buɗe butlodarta, daga nan kuma ta riƙa nuna gargaɗi duk lokacin da aka kunna. A wannan fanni kwamfuta ce ke bin sawun waya.

Aiki a hannu

Kada ku fara gwaji da na'urar da kuke cin abinci da ita. Ku yi amfani da kwamfutar kwaikwayo ta QEMU tare da manhajar tushe ta OVMF, ko wani tsohon laftof da ba kowa a kansa.

Da farko makulli. Wannan umarni zai fitar da na sirri a db.key, da takardar shaida mai ɗauke da na fili a db.crt:

openssl req -new -x509 -newkey rsa:2048 -sha256 -nodes -days 3650 -subj "/CN=Makullin aji/" -keyout db.key -out db.crt

An zaɓi RSA mai 2048 ne don shi ne kowace manhajar tushe ta sani. Kalmar -nodes tana nufin db.key ba shi da kalmar sirri a kansa, wanda ya kwafe shi ya samu ke nan. Za mu dawo kan wannan.

Sai layin umarni. Ku rubuta shi a /etc/kernel/cmdline, ku duba shi sau biyu. Kuskuren harafi ɗaya a lambar UUID ta faifai shi ne abin da ya fi hana sabon dunƙulallen fayil tashi, kuma kun ji ba a gyara shi daga jerin zaɓi. Hanya mafi aminci ita ce ku leƙa /proc/cmdline ku ga layin da na'urar ta tashi da shi yanzu, ku kwafa, ku cire abin da GRUB ya ƙara na kansa irin su BOOT_IMAGE.

Yanzu ginin kansa. Sunayen fayilolin na Arch ne, a wani rarrabon sun ɗan bambanta:

ukify build --linux=/boot/vmlinuz-linux --initrd=/boot/initramfs-linux.img --cmdline=@/etc/kernel/cmdline --secureboot-private-key=db.key --secureboot-certificate=db.crt --output=namu.efi

Umarnin ukify inspect namu.efi zai jero muku sassan da girman kowane. Shi kuma sbverify --cert db.crt namu.efi zai faɗa muku ko sa hannun ya yi daidai. Daga nan a kwafi fayil ɗin zuwa foldar EFI/Linux a cikin ESP. Butlodar systemd-boot tana leƙa wannan folda da kanta ta saka abin da ta gani a jeri. In kun yi amfani da ita, ita ma sai kun sa mata hannu da sbsign, tunda ita manhajar tushe za ta fara gani. Wanda ba ya son butloda sam, zai iya yi wa fayil ɗin rajista kai tsaye da efibootmgr.

Saura a gabatar da makullinku ga na'ura, kuma nan ne ake yin ɓarna. Ana shiga saitin manhajar tushe, galibi da F2 ko F10 ko Del, a share makullan da ke ciki. Da zarar an cire PK, na'urar ta koma yanayin saiti, inda take karɓar sabbin makullai. Kayan aikin sbctl, wanda Morten Linderud na Arch ya rubuta, ya sauƙaƙa wannan mataki: sbctl create-keys ya ƙirƙiri PK da KEK da db gaba ɗaya, sbctl enroll-keys ya shigar da su, sbctl sign -s ya sa hannu ya kuma tuna da fayil ɗin don gaba. In kun bi ta wannan hanya, da makullin db na sbctl za ku sa hannu, wancan na openssl ya zama na koyo.

Kafin ku danna enroll-keys, abu biyu. Katin hoto da wasu katunan da ake sokawa suna da tasu ƙaramar manhaja da ke tashi tun kafin komai, kuma da takardar Microsoft ta sauran jama'a aka sa mata hannu. Cire takardar, a wasu na'urori allo ya yi baƙi ƙirin, ko saitin ba za ku gani ba balle ku gyara. Don haka ne sbctl ke da zaɓin --microsoft, wanda ke shigar da takardun Microsoft tare da naku. Na biyu, idan akwai Windows da aka kulle faifanta da BitLocker a kan na'urar, sauya makullai zai sa ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Ku nemo ta ku rubuta a takarda tukuna.

Akwai kuma maganar wuri. Windows ta saba yanka wa ESP megabayit 100 kacal, dunƙulallen fayil ɗaya kuwa yakan cinye gomman megabayit. Ga shi ana so a ajiye aƙalla biyu, sabo da wanda ya gabace shi. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ke aiki da laftof mai mataccen batir: FAT ba ya jure yankewar rubutu, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi, rabin fayil za a samu, rabin fayil kuwa ba shi da sa hannu. In za ku girka sabon tsari, ku ba ESP gigabayit guda ku huta.

Duk sabuntawar kanel na buƙatar sabon gini da sabon sa hannu. Kada a bar wa tunanin mutum wannan aiki. A tsarin da ke amfani da kernel-install ana rubuta layout=uki a /etc/kernel/install.conf, a nuna makullai a /etc/kernel/uki.conf. A Arch ana saka default_uki a fayil ɗin saitin mkinitcpio.

Makullin a hannun wa yake

Abin da muka yi ya ɗauke yarda daga fayiloli barkatai ya tattara ta kan db.key. Wanda ya mallaki wannan fayil zai gina nasa dunƙulallen, ya sa masa hannu, na'urarku ta karɓe shi hannu bibbiyu. A laftof na mutum ɗaya, ajiye shi a cikin sashen da ke kulle, inda mai cikakken iko kaɗai ke karantawa, ya wadatar ga harin da muka zana, don mai kwance faifai ba zai kai gare shi ba. Ajiye shi a ESP ko a /boot da ba a kulle ba kuwa aikin banza ne. A ofishi mai na'urori da yawa, a ganina bai dace makullin ya zauna a kan kowace ba. A gina a na'ura ɗaya da aka keɓe, a sa hannu a can, a rarraba fayil ɗin da aka gama.

Manyan kamfanoni ma sun yi tuntuɓe a nan. A 2024 kamfanin Binarly ya gano cewa ɗaruruwan samfuran kwamfuta sun fito kasuwa da PK na gwaji daga kamfanin AMI, wanda a jikin takardarsa an rubuta ƙarara kada a yarda da shi, kuma ɗaya daga cikin makullan sirrin ya riga ya zube a intanet. Aka sa wa lamarin suna PKfail. Lissafin bai gaza ba ko kaɗan a wannan karo, riƙon makulli ne ya gaza.

Sa hannu kuma ba ya tsufa da kansa. Dunƙulallen fayil ɗin da kuka gina bara, mai kanel da aka gano wa ɓaraka, har yau na'urarku za ta karɓe shi in wani ya adana kwafi ya dawo da shi. Haka BlackLotus ta yi wa Windows, kamar yadda kamfanin ESET ya bayyana a 2023: ta zo da tsofaffin fayilolin tashi masu sahihin sa hannun Microsoft da wata ɓaraka da aka riga aka toshe a sababbi, amma ba a soke tsofaffin ba. Mai nasa makulli yana da mafita biyu, ya saka lambar shaidar tsohon fayil a dbx, ko ya sauya makullin db baki ɗaya. Ko ranar ƙarewar wa'adi da ke jikin takarda, yawancin manhajojin tushe ba sa dubawa, don ba su da agogon da za su amince da shi. Takardun Microsoft na 2011 wa'adinsu 2026 ne, an kuma fitar da na 2023 su maye gurbinsu. Abin da wannan ke shafa shi ne sabbin fayilolin da za a sa wa hannu da sababbin takardun, waɗanda na'urar da ba ta karɓi takardun ba za ta ƙi.

Sai wata gaskiya da ba a cika faɗa ba. In kun bar takardar Microsoft ta sauran jama'a a db, kamar yadda na shawarta don gudun baƙin allo, tsohuwar hanya tana nan a buɗe. Mahari zai iya zuwa da shim da GRUB da kanel na wani rarrabo, duka masu sahihin sa hannu, ya haɗa da nasa initrd mai kwaikwayon allon tambayarku. Bai taɓa dunƙulallen fayil ɗinku ba, kewaye shi ya yi. Haka nan in saitin manhajar tushe ba shi da kalmar sirri, kashe tsaron tashi aikin minti ɗaya ne. Don haka kalmar sirrin saiti wajibi ce, kuma a na'urar da aka tabbatar ba ta dogara da takardar nan ba, cire ta ya fi. Masu sayen laftof na hannu su duba wannan tun a shago: wanda ya zo da saitinsa a kulle da kalmar sirrin tsohon mai shi, ba za ku iya saka makullinku a ciki ba.

Ɗan guntun da ke riƙe lissafi

Abin da ke rage wannan gibi shi ne TPM, guntun tsaro da Windows 11 ta wajabta tun 2021. Yana da ma'ajiyoyi 24 da ake kira PCR. Ba a rubuta musu abin da aka ga dama, sai dai a ƙara: a haɗa abin da ke ciki da lambar shaidar sabon abu, a fitar da sabuwar lamba. Ba a komawa baya sai an sake kunna na'ura. PCR 7 tana ɗauke da halin tsaron tashi, har da takardar da aka yi amfani da ita wajen tantancewa. PCR 11 kuwa systemd-stub ce ke zuba mata lambobin sassan dunƙulallen fayil.

Da systemd-cryptenroll ana damƙa wa TPM makullin LUKS bisa sharaɗin ba zai sake shi ba sai ma'ajiyoyin sun nuna abin da aka saba. Wanda ya kashe tsaron tashi, ko ya bi ta shim, ya sauya PCR 7, guntun ya riƙe makulli. Tunda PCR 11 tana sauyawa da kowane sabon kanel, ukify kan lissafa tun wurin gini abin da za ta nuna, ta sa wa lissafin hannu, ta ajiye a sashen .pcrsig. Wannan ba ya yiwuwa sai da dunƙulallen fayil, domin sai an san duk abin da zai tashi kafin a iya hasashen lambarsa. Ranar da na'urar da ta saba buɗewa ta hanyar TPM ta tsaya tana neman doguwar kalmar sirri ba tare da kun sauya komai ba, kada ku rubuta. Ku kashe ta, ku tashe ta daga filash ɗin da kuka amince da shi, ku duba ESP. Cikakken bayanin TPM yana darasi na gaba.

Aikin aji

Ku rabu biyu-biyu. Kowa ya ƙirƙiri makullinsa, ya gina namu.efi, ya tabbatar da shi da sbverify. Sannan ya yi kwafi mai suna gwaji.efi, ya sauya bayit ɗaya a tsakiyarsa da wannan umarni:

printf 'x' | dd of=gwaji.efi bs=1 seek=5000000 conv=notrunc

Ku gudanar da sha256sum a kan fayilolin biyu, ku rubuta lambobin a littafi ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ku ƙirga alamomi nawa suka yi daidai. Ku sake gwada sbverify a kan gwaji.efi. Bayan haka kowa ya karɓi namu.efi na abokin aikinsa ya tantance shi da tasa takardar shaidar, ya rubuta abin da ya gani da dalilinsa.

Tambayar da za a zo da amsarta mako mai zuwa: wani ma'aikaci ya gina dunƙulallen fayil, ya sa masa hannu, ya shigar da makullansa, ya saka wa saitin na'ura kalmar sirri, amma bai kulle faifansa da LUKS ba, kuma db.key yana cikin /root. Ku zana matakan da wanda ya sami laftof ɗin na awa ɗaya zai bi, ku nuna a wane mataki tsaron tashi zai tare shi, in zai tare shi.